Naman buɗa-baki ranar Juma'a: ya kuke yi a nan Damagaram?

Malamar Lakkol:
Salama gare ku. Ni Katolika ce, aiki ya kawo ni Damagaram daga wajen Maraɗi, ina haya a Sabon Gari cikin gidan da kowa Musulmi ne sai ni. Bana azuminmu da na Ramadan kusan tare suka kama, tunda Larabar Toka, ranar da muke fara namu, ta faɗo ranar 18 ga Fabrairun 2026. Matar mai gidan, da nake kira Inna, ba ta taɓa buɗa-baki ba ta aiko mini da kwano ba: kunu, ƙosai, wata rana har da farfesu. Juma'ar da ta wuce ina dawowa daga lakkol na tarar da tuwon shinkafa da miyar nama a bakin ƙofata, an rufe da faifai. Mu kuwa ba ma cin nama ranar Juma'a a lokacin azumi, sai na rasa yadda zan yi. Mayarwa cin fuska ne, zubarwa kuma ba zan iya ba, wuta kuwa ba ta tsayawa balle a ce firji. Ku da kuka daɗe a garin nan, ya kuke yi? Sannan wace hidima ake yi a coci cikin makonnin nan da baƙuwa za ta iya shiga? Daga Misar Lahadi, wato babbar ibadarmu, sai gida nake yi.

Tsohon Katikis (malamin koyar da addini a coci):
'Yata, sannu da zuwa. Bari mu fara raba doka da al'ada, don mutane na cakuɗa su. Kwanakin da Ikilisiya ta wajabta azumi biyu ne: Larabar Toka da Babbar Juma'a, ranar tunawa da gicciye Yesu. A ranakun nan cikakken abinci sau ɗaya ne, da ɗan abin taɓawa sau biyu wanda in an haɗa bai kai cikakken ci ba, kuma ruwa ba ya karya shi. Wannan ya hau kan mai shekara 18 zuwa 59. Barin nama kuwa duk Juma'ar lokacin azumi ne, daga shekara 14. Mara lafiya, mai ciki da mai shayarwa an ɗauke musu. Kwana arba'in ɗin ma ba a ƙirga Lahadi a ciki.

Kwanon Inna kuma, karɓi da hannu biyu ki yi godiya. A gidan haya yara ba sa ƙarewa, ga almajirai a bakin ƙofa bayan magariba, ba mai jin haushi don kin ba su. Ranar Asabar, hankali kwance, ki zauna da ita ki ce ranar Juma'a ba kya cin nama har zuwa Paska, idin da ke rufe azuminmu. Mai azumi ba ya buƙatar dogon bayani kan azumi. In kuwa wata rana an zaunar da ke a tabarma an sa kwanon a gabanki, ki duba Luka sura 10, inda Ubangiji ya ce wa almajiransa su ci abin da aka ajiye musu, sannan ki kai maganar wurin Fada, limamin coci. Mu da muka ga Janairun 2015, ranar da aka ƙona coci-coci a garin nan, mun san waɗanda suka buɗe mana ƙofar gidajensu. Ba ma wasa da kwanon maƙwabci.

Ɗan Jami'a:
Baba, da girmamawa, abin da ka faɗa shi ne mafi ƙarancin abin da aka nema, amma mu matasa da yawa ba ma tsayawa nan. Ni ba na cin komai sai rana ta faɗi, Litinin zuwa Asabar. Abokan ɗakina suna tashi sahur, ni kuma in zauna ina shan shayi a gabansu da hantsi in ce ina azumi? Kunya ba za ta bar ni ba. Kuma a faɗi gaskiya, maganar cin kifi a madadin nama a Damagaram dariya take ba ni. Je ka Kasuwar Dole ka tambayi kuɗin bandar kirki, ka tambayi na tsire. Wanda ya bar nama ya sayi kifin jika biyu, wace hana kai ya yi? Ni wake da shinkafa ne, ko awara da yaji.

Tsohon Katikis:
Maganar kifi ka yi gaskiya, ɗana. Ta kunyar abokai ce ban yarda da ita ba. Bisharar da aka karanta mana ran Toka, Matta sura 6, cewa ta yi mai azumi ya wanke fuska ya shafa mai don kada a gane. Yi har faɗuwar rana in jikinka ya ɗauka, Allah ya ba da lada, amma kada ka mai da shi ma'aunin wasu. Zafin Maris na tafe, kuma akwai mai aikin gini a cikinmu.

Maman Biyu:
Ƙanwata, ku bar mazan nan da gardamarsu, ni tambayarki ta biyu zan amsa. Zo Hanyar Gicciye, addu'ar tunawa da wahalar Yesu, ranar Juma'a da yamma. A nan za ki san mutane fiye da ranar Lahadi, don ran Lahadi kowa sauri yake. Tasha 14 ce, ana bi ɗaya bayan ɗaya, yaro riƙe da gicciye a gaba, a durƙusa a tashi. Za ki ji Faransanci, ki ji Hausa, ki ji 'yan Benin da Togo da Burkina da 'yan'uwanmu Ibo kowa na amsawa da irin lafazinsa. Ba mu da yawa, shi ya sa in ba ki zo sau ɗaya ba sai an tambaya. Taho da ɗan zani na shimfiɗawa a gwiwa, ƙasa na riƙe zafi har bayan la'asar.

Mu mata kuma kuɗin naman da ba mu saya ba muke tarawa. Kowa da abin da ta samu, wata dala ɗari, wata tiyar hatsi, wata sabulu. Kafin Mako Mai Tsarki, makon ƙarshe na azumi, a raba, a kai gidan kaso, a kai wa marasa lafiya a likita, a leƙa tsofaffin da ƙafa ta hana su zuwa coci. Bara wata tsohuwa da muka je wa, ba hatsin ya dame ta ba, ruwa ta roƙa, don pampon unguwarsu ya daɗe bai kawo ba kuma 'yan garuwa sun tsauwala. Muka koma muka cika mata bido huɗu. Tun daga nan ruwa ya shiga lissafinmu.

In kina da murya, 'yan kwaya, mawaƙan coci, na neman mutane ido rufe. Waƙoƙin Lahadin Dabino, na Alhamis da ake wanke ƙafafu da na daren Paska duk yanzu ake koyonsu, ga masu shirin baftisma da za a yi wa a daren. Ganyen dabinon da za a ba ki kada ki yar, soke shi a bayan gicciyen ɗakinki, shi ake ƙonawa a samu tokar baɗi.

Malamar Lakkol:
Na gode, Baba, na gode, Mama. Na yi wa Inna maganar da safen nan tana tankaɗe. Ta ce ai da na faɗa tun farko, wai ita ma tana mamakin yadda kwanon Juma'a ke dawowa da wuri a wanke. Ta ce daga yau ran Juma'a kwaɗon zogale ne nawa. Sai dai ta kafe a kan cewa azumin da ake shan ruwa ba ta gane masa ba, mun bar shi a haka. Mama, ƙarfe nawa ake fara Hanyar Gicciyen? Sai biyar da rabi nake tashi daga aiki ran Juma'a.

Maman Biyu:
Lokacin na canzawa da zafi, ki saurari sanarwa bayan Misa jibi. In kin makara ma hau kabu-kabu ki zo, ki shiga daga tashar da kika tarar. Ki neme ni wajen 'yan kwaya, ni ce mai tagwaye.