Mai kamfanin intanet ya fi ɗan siyasa iya riƙe ma'aikatar sadarwa?

Ɗan Auta: Ni dai ina nan kan bakana. Bosun Tijani ya san aikin tun kafin a ba shi kujerar ministan sadarwa. Shi da abokin aikinsa sunka kafa CcHub, cibiyar tallafa wa sabbin kamfanonin fasaha, a Yaba, Legas, a 2010. Mark Zuckerberg mai Facebook da kansa ya je wurin a 2016, a 2019 kuma sunka sayi iHub, irin wagga cibiya ta Kenya. Wane ɗan siyasa ke da irin wanga tarihi?

Mai POS: Ƙanena, tarihi ba ya tura kuɗi. Tinubu ya naɗa shi minista a Agustan 2023, a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50. Jiya wani dattijo daga Illela ya tsaya bakin rumfata riƙe da katinsa, na'ura na ta juyi, har ya gaji ya tafi da buhunsa. An cire masa kuɗin, ni ban gani ba.

Ɗan Auta: Yaya, kamfanoni ne sunka ce tsadar dizal da faɗuwar naira za su durƙusar da su. Kuma ga shirin 3MTT na koya wa matasa miliyan 3 fasaha, ga batun shimfiɗa wayar intanet kilomita 90,000.

Malama: Ɗana, kun tsallake abu guda. Wa ya zaɓe shi? Naɗi ne. Ranar tantancewa a majalisar dattawa sai da ya ba da haƙuri kan tsofaffin rubuce-rubucensa na Twitter da ya caccaki ƙasa. Wanda ya fito neman ƙuri'a da gaske shi ne Sowore, mai Sahara Reporters, kuma a zaɓen shugaban ƙasa na 2019 ko ƙuri'a dubu 40 bai kai ba. Mabiya a waya daban, akwatin zaɓe daban.

Kawu: Ku bar Yaba ku dawo gida. A Satumban 2021, zamanin da Pantami ke ministan sadarwa, an katse layin waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan ta Sakkwato saboda 'yan bindiga. Pantami ma masanin kwamfuta ne. Sanin kwamfuta bai hana ba, don maganar tsaro ta fi ƙarfin minista.

Ɗan Auta: Kawu, ai wannan ba laifin ilimi ba ne.

Kawu: Ban ce laifinsa ba ne. Cewa na yi a kamfani shi ke yanke hukunci, a gwamnati kuwa sai gwamnoni sun yarda da kuɗin haƙa hanya kafin a binne waya ko taku ɗaya.

Mai POS: To a fara binne ta daga Sabon Birni, sai mu dawo wannan magana.