Shekarata 53, bikin autata ya matso: in yi kwalliya ko in haƙura?

Uwar amarya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon maganata, raina ne a jagule. Shekarata 53, 'ya'ya shida, jikoki huɗu. Saura mako uku bikin autata, an gama ɗinkin anko, an kama wurin kamu da na dina, amma ni kwana nake ban rintsa ba a kan abin da zan yi da fuskata.

Ga mafarin abin. Bara an yi bikin ɗan yayata a Kaduna. Yarana suka matsa sai an yi min kwalliya, suka kira wata yarinya gida, ba za ta wuce sa'ar 'yata ta huɗu ba. Awa ɗaya da rabi ina zaune. Ta shafa fandeshan, ta bi da hoda kala biyu, ta zana min gira, ta manna min gashin ido. Da na duba madubi wallahi na ji daɗi, na ga fuskar da na manta da ita. To wurin dinar akwai zafi, ga jama'a. Kafin ƙarfe tara hodar nan ta shige cikin layukan ƙasan idona da gefen bakina, ta tsattsage kamar bakin kududdufi da bazara. Ni ban sani ba, ina ta gaisawa da mutane. Sai washegari ƙanwar maigidana ta ɗora hoton a rukunin dangi na WhatsApp, ta rubuta wai Hajiya ta koma budurwa. Kuma ba yau ta fara ba. Tun 1990 da aka kawo ni gidan take min haka, tun kan maganar lefe, ta ce atamfofin sun yi min yawa. Ranar sunan ɗana na fari ta ce jan bakina ya fi na amare. Na yi shiru shekara talatin da biyar saboda darajar yayanta. Wannan karon a gaban surukata, matar babban ɗana, ta ce mai jika huɗu kwalli da man shafawa sun ishe ta, sauran budurwar zuciya ce.

Yanzu yarana sun ce dole a yi min, uwar amarya ce ni, hoton nan har jikoki za su gani. Ni kuma ba zan iya fita haka ba saboda baƙi-baƙin da ke kumatuna. Ga furfura ta cika min gaban goshi. Shin akwai shekarun da kwalliya take ƙarewa ne? In yi ko in bari?

'Yar Gwale: Allah ya sanya alheri Hajiya, Allah ya ba su zaman lafiya. Ki yi kwalliyarki. Dangin miji ko da ruwan zamzam kika wanke fuska sai sun samu abin faɗa. Ni nan uwar mijina ta taɓa kiran taro a kaina saboda na yi jan lalle da watan azumi, wai ina ɗauke wa ɗanta hankali. Shekara goma sha ɗaya ke nan, har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi zafi. Shi kuma gogan yana zaune bai ce uffan ba.

Nas mai ritaya: Hajiya, kin ba mu labarin lefen 1990 dalla-dalla, amma abin da ya fi muhimmanci kin wuce shi a layi ɗaya. Wane irin baƙi ne a kumatunki? Tun yaushe? Kuma wane mai kike shafawa? Shekara talatin da biyu na yi a asibiti, in na ji mace ta haura hamsin tana kukan baƙi a saman kumatu, tambayar da nake fara yi ke nan. Abu biyu ne suka fi kawo shi. Ko dai tabon da rana da canjin jiki ke jawowa, wanda wasu ke fara gani tun lokacin goyon ciki, ko kuma illar man bilicin da aka daɗe ana shafawa. Sinadarin haidurokwinon da ke cikin irin wannan man in ya daɗe a fata shi da kansa yake mayar da ita baƙa, baƙi mai shuɗi-shuɗi, kuma mai wuyar fita. Ki amsa min wannan kafin a je maganar hoda.

Mai kwalliya a Zoo Road: Mama, ina yini. Sana'ata ce wannan, kuma laifin ba na shekarunki ba ne, na hannun da ya yi miki ne. Yarinyar ta yi miki kwalliyar 'yar shekara ashirin. Fatar da ta manyanta bushewa take yi, musamman bayan al'ada ta ɗauke, kuma hoda ba ta ɓoye layi, shiga cikinsa take yi ta fito da shi. Abin da nake wa iyayen amare shi ne a jiƙa fata da mai tukuna a bar shi ya shige kamar minti goma. Fandeshan mai ruwa, kaɗan, a inda ake buƙata kawai, kuma a gwada kalarsa a wuya da hasken rana, kada a ɗauki wanda ya fi ki haske. Hoda a goshi da hanci kawai, ƙasan ido kada a kusance shi. Ja-gira ruwan ƙasa, ba baƙi wuluk ba. Mai ƙyalƙyali a fatar ido a bar wa ƙawayen amarya. Jan baki mai ɗan maiƙo, don busasshen nan yana shiga tsagar leɓe. Gashin ido kuwa ki bar shi, nauyi yake ƙara wa ido. Kuma duk wadda za ta yi miki, ki sa ta gwada mako ɗaya kafin biki, ki yini da shi, a ɗauke ki hoto da dare da filasha ki gani.

Uwar amarya: Na gode 'yata, Allah ya yi albarka. Amma kaɗan ɗin nan ba zai rufe min tabon ba, na gwada. Hajiya Nas, ni ba na bilicin. Tun asali ni ba baƙa ba ce, duk gidanmu a Zariya haka muke. Haɗi ne wata baiwar Allah take min na gyaran fata, kuma ta ce duk kayan itatuwa ne.

Nas mai ritaya: Haɗin da ba shi da takarda a jiki, ba lambar NAFDAC, a robar da ba suna, shi ne dai abin da nake tsoro. Shekara nawa kina shafa shi? In kin bari kwana uku fuskar tana ƙaiƙayi ko ta yi ja ta feso da ƙuraje? In haka ne akwai sitiroyid a ciki, irin maganin da likita ke rubutawa na 'yan kwanaki don cutar fata, su kuma masu haɗi suna matsa tub-tub a cikin mai. Shi yake sa fata ta yi siriri har a riƙa ganin jijiyoyi kore-kore, kuma irin wannan fatar ba hodar da za ta zauna a kanta lafiya. A 2023 NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan, ba don wasa ba, wasu mayukan har da makuri, wato zaiba, a ciki mai taɓa ƙoda. Kada ki yanke shi rana ɗaya da kanki ana saura mako uku biki, fuskar za ta iya rikicewa. Ki ɗauki robar ki kai wa likitan fata, akwai su a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya. Kuma kullum za ki fita ki shafa man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama.

Malamar Islamiyya: 'Yar uwa, Allah ya sa a yi taro lafiya. Musulunci bai sa wa mace shekarun daina ado ba, ado ga miji da cikin mata halal ne ko tana da shekara tamanin. Tambayar ita ce gaban wa. Kamu na mata ne, ba matsala. Dina kuwa maza da mata ne a cakuɗe, ga masu ɗaukar hoto. Ko aya ta 60 a Suratun Nur da ta yi wa tsofaffin mata sassauci a tufafi ta sa sharaɗin kada su bayyana ado. Sannan a kiyaye gira, hadisin tsinuwa ga mai cire gashin gira da wadda ake cire wa yana cikin Bukhari da Muslim. Furfura kuma ki rina da lalle. Ranar buɗe Makka da aka kawo Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, kansa fari fat, Annabi (SAW) ya ce a canza shi amma a nisanci baƙi. Ki kuma tuna da alwala, duk abin da ya yi kauri ya hana ruwa taɓa fata sai an cire. Na ga iyayen amare da yawa suna haɗa La'asar da Magariba da Isha'i sai tsakar dare saboda kada kwalliya ta ɓaci.

Maman 'yan biyu: Malama, a mazhabar Malikiyya ai rini da baƙi makaruhi ne, ba haramun ba, haka aka karantar da mu. Kuma gaskiya mu daina ɗora wa mata komai. Mijina yana da shekara sittin da ɗaya, duk Juma'a sai ya rine gemu baƙi ƙirin, ba wanda ya taɓa ce masa budurwar zuciya. Da ya tashi ƙaro aure ma cewa aka yi namiji ba ya tsufa. Amaryar sa'ar 'yata ce. Ni da na sayi jan baki guda ɗaya bayan zuwanta, sai aka ce kishi ne ya motsa ni.

'Yar Damagaram: Sannunku. Mu a nan Zinder iyayenmu lalle ne da tozali da turaren wuta, sai ɗaurin kallabi mai kyau da zinariya in akwai. Kakata har ta rasu tana cin goro da fure, haƙoranta jawur, kuma ba wanda ya kai ta kwarjini a taro. Hajiya ki yi dilka da halawa irin na mutanen Maiduguri, ki sa tozali, ya wadatar.

Nas mai ritaya: Dilka da halawa a fatar da nake zargin ta yi siriri? A'a. Gurzawa ce da fizga, za ta iya saɓule mata fuska. Tozalin ma ba kowanne ba. Na dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa yawancinsa dalma ce. A 2011 a birnin Boston na Amurka an samu jariri ɗan iyayen Najeriya da gubar dalma a jini, da aka auna kwallin da ake sa masa aka tarar fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Ku da kuka ga abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba sai an yi muku dogon bayani ba. Ita babba ce, amma tana da jikoki, kuma na san halinmu, da tsinken da kaka ta sa kwalli da shi ake sa wa jariri. Baƙin lallen nan na zamani ma da ake haɗawa da sinadarin rinin gashi, na sha ganin hannaye sun kumbura sun yi ruwa saboda shi. Ta yi jan lalle na gargajiya.

'Yar Damagaram: Hajiya Nas, ismid, kwallin nan da ya zo a hadisi, fa sunna ne. Komai sai ki ce guba.

Nas mai ritaya: Ismid na gaskiya daban, abin da ake tallatawa a kasuwa da sunansa daban.

Uwar amarya: Na gode muku duka. Malama, ni ba na aske gira, cikewa kawai ake yi, kuma da alwalata nake zama bayan Magariba. Dinar ma ba ni na ce a yi ba, dangin ango ne. Hajiya Nas, na ji maganarki, amma matar nan shekara tara tana min haɗi, 'yar mutunci ce, ta je Hajji sau biyu, ba za ta cuce ni ba. Ƙaiƙayin da nake ji in na bari ai na hunturu ne. Kuma yanzu ina zan samu lokacin bin layin asibiti ga kayan ɗaki ba a gama ba, ga gara? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni abin da na tambaya shi ne in yi ko in bari, don ƙanwar maigidan nan za ta zo, kuma a teburin gaba za a zaunar da ita.

'Yar Gwale: To shi maigidan me ya ce? Har yanzu ba ki faɗa mana ba.

Mai kwalliya a Zoo Road: Mama, in tabon ne damuwarki akwai abin da ake ɗan ɗigawa mai ruwan lemo a kansa kafin fandeshan, yana kashe baƙin ba sai an lafta da yawa ba. Amma gaskiya in fatar tana saɓa, ni ma ba na son taɓawa sai likita ya gani.

Uwar amarya: Maigida ba ya shiga irin wannan. 'Yata, abin mai ruwan lemon nan, zai kai awa biyar bai tsage ba? Don an ce sai sha ɗaya za a tashi.

Nas mai ritaya: Shekara tara, Hajiya. Ki kai robar nan asibiti.