Na haƙo tsabar zinari a gonar wani a Norfolk ta Ingila, sai na faɗa wa masu haraji?

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara biyu ke nan ina fita ran Lahadi da na'urar gano ƙarfe, da izinin wani manomi kusa da Norwich. Yawanci ƙusoshi da maɓallai nake samu. Watan jiya na haƙo tsabar kuɗi ta zinari guda ɗaya ta zamanin Sarki Edward na Uku, dillali ya taya fam 1,200. A bana kuma na sayar da tarkace na fam 400 a eBay. Harajina daga albashi ake cirewa, ban taɓa cike takarda da kaina ba. In na sayar, dole in sanar da HMRC, hukumar harajin Birtaniya, ko in jira bayan 5 ga Afrilu kuɗin ya faɗa sabuwar shekarar haraji?

Ɗan Zazzau: Maza ka kai wa korona cikin kwana 14! Waɗanda suka ɓoye dukiyar da suka haƙo a Herefordshire, gidan yari aka kai su a 2019.

Kawun Yara: Korona kuma? Na ɗauka mun rabu da annobar nan.

Maman Safwan: Jami'in bincike ne, Kawu. Ɗan Zazzau, ba ka karanta ba, guda ɗaya ya ce. A dokar dukiyar da aka haƙo ta 1996, tsabar zinari ko azurfa sai ta kai biyu daga wuri ɗaya, ta kuma shekara 300, kafin ta shiga jerin abin da dole a kai rahoto. Amma tun 2023 abu mai muhimmancin tarihi na musamman yana iya shiga ko da ɗaya ne, don haka ka nuna wa jami'in rajistar kayan tsintuwa na yankinku.

Alhaji na Lincoln: Ku bar zancen haraji, manomin shi ne matsalarka. Ni tsabar azurfa 9 na samu. Na yi gaskiya, na kai rahoto. Kusan shekara biyu ina jira, daga gidan tarihi zuwa kwamitin ƙiyasta farashi. Aka ce fam 800, a raba biyu da mai gona. Na'urar kaɗai fam 700 na saye ta. Ranar da kuɗin suka fito mutumin da muke shan shayi tare ya sa kwaɗo a ƙofar gona, ya ce ɗan ƙanwarsa zai ci gaba da nema. Gonar da na yi shekara uku ina takawa cikin taɓo da sanyi! Ba mu rubuta komai ba, amana ce kawai. Har yau in na bi ta hanyar nan raina ɓaci yake.

Ɗan Zazzau: Fam 700? An cuce ka, Alhaji. Tawa 250 ce.

Alhaji na Lincoln: Shi ya sa kake haƙo gwangwanin lemo. Kuma tsabar nan ba za ta wuce 600 ba, ka karɓe kafin dillalin ya farka.

Maman Safwan: Na ga irinta ta haura 1,500 a gwanjo. Batun haraji dai, abu biyu ne. In sana'a ce, akwai rangwamen fam 1,000 a shekara, ya wuce nan sai rajista. In kayanka ne ka sayar jefi-jefi, ba a bin haraji kan ribar abin da bai wuce fam 6,000 ba. Rigimar ita ce wane ɓangare ka faɗa, kuma yawan sayarwa a eBay yana sa ka yi kama da ɗan kasuwa.

Alhaji na Lincoln: Hajiya, kin taɓa riƙe shebur?

Maman Safwan: Ban taɓa ba, amma shekara takwas ina aikin lissafi. Kai ka taɓa cike takardar haraji?

Malam Sani: Duk kun manta da rikazi. Abin da aka haƙo na mutanen da, humusi ake fitarwa, ɗaya bisa biyar.

Kawun Yara: To, rabi na manomi, humusi na Malam, saura HMRC. Baban Ilham zai koma gida da maɓalli.

Baban Ilham: Ni fa ban ma gaya wa manomin ba tukuna.

Alhaji na Lincoln: Innalillahi. Bisa doka ai kayan gonarsa ne, in ba ku yi yarjejeniya ba.

Bintu: Kada dai labarin ya kai gida. Mijina hoton zoben tagulla ya sa a zauren dangi, kafin magariba an ce ya tsinci zinari a Ingila. Wani ya kira yana son kuɗin aure, ƙaninsa na Agadez ya ce a aiko masa da na'urar zai tafi haƙar zinari a Djado.

Kawun Yara: Wannan harajin ba shi da rangwame. Kun aika?

Bintu: Mun aika. Kuɗin jirgi da na kwastan sun fi kuɗin na'urar, kuma wata biyar ke nan ba ya ɗaga waya.