Wuƙar sassaƙata ta ƙi riƙe kaifi

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman maƙera. Ina Gombe, nakan taɓa sassaƙar ƙwarya a zaure idan na taso aiki. Wuƙata ce ta addabe ni. In na wasa ta a dutse, a karkace wajen digiri 20, har gashin hannu take askewa, amma yanka kaɗan sai ta dakushe. Tun da aka wasa min ita da inji a kasuwa bakinta ya yi shuɗi. Zafin ne ya kashe ƙarfen? Zan iya cinye wurin da dutse, ko sai maƙeri ya sake gasa ta ya tsoma a ruwa? Sannan me kuke sa wa babban yatsa? Wuƙar takan zame a bayan ƙwarya, santsi gare shi.