Shin X ya ƙwace wa rediyo kambu a Kano?

Malamin jarida: Jama'a, ana ta cewa yanzu X, wanda muka fi sani da Twitter, ya fi rediyo juya ra'ayin Kanawa. Ni na yarda. A can aka hura wutar zanga-zangar EndSARS, har aka rusa rundunar 'yan sanda ta SARS ranar 11 ga Oktoba 2020. Gwamnatin da ta toshe shi daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, ai zafinsa ta ji.

Ma'aikaciyar rediyo: Malam, labarin Legas ka kawo mana. A zaɓen 2023 magoya bayan Peter Obi ne suka cika Twitter, amma a Kano ƙuri'unsa ba su kai 30,000 ba, Kwankwaso kuwa ya kusa miliyan ɗaya. Ɗan adaidaita sahu da ɗan Kantin Kwari rediyon Freedom suke kunnawa su ji shirin Inda Ranka, ba sai sun sayi data ba.

Malamin jarida: Hajiya, to daga ina Inda Ranka da takwarorinsa suke tsinto wasu batutuwan? Ɗan siyasa ya rubuta layi biyu a X da safe, a ɗauki hoton rubutun a watsa a Facebook, wani ya karanta da Hausa ya tura muryar WhatsApp, da dare sojojin baka su hau kai.

Ma'aikaciyar rediyo: Amma sai an tace, an nemi ɗaya ɓangaren. A X wa yake tacewa?

Mai gyaran waya a Farm Centre: Ku gafarce ni, iyayena. A wannan ɗaukar hoton ne ake cutar mutane. Hoto ba ya kai ka ga asalin saƙo, ana iya yanke kwanan wata, ana iya ƙirƙirarsa baki ɗaya. In an turo maka, buɗe X ka nemi sunan da ke bayan alamar @, ba wanda ke sama ba, don shi na saman kowa na iya ara. Duba harafi-harafi, don ana musanya l da I. Sannan ka kwafi jimla ɗaya ka bincika ta, ka kuma duba shekarar da aka buɗe shafin. Shuɗin tambarin tantancewa kuwa kada ya ruɗe ka. Bayan Elon Musk ya sayi kamfanin a 2022, da kuɗi ake samunsa.

Malamin jarida: Madalla, ƙanena. Sai dai gajartar saƙo ce ƙarfin X. Haruffa 140 aka fara da su, aka mai da su 280 a 2017, mai sauraro ya haddace nan take.

Ma'aikaciyar rediyo: Ita ce kuma cutarsa, Malam. Hukuncin kotu kan rikicin masarauta, mai shafuka da yawa, a matse shi a layi biyu, kowane ɓangare ya ce shi ya yi nasara. Kafin lauya ya shigo ɗakin watsa shiri ya warware, gari ya riga ya ɗauka.

Malamin jarida: To, Hajiya, kin ga kuwa da bakinki kin ce gari ya ɗauka.

Ma'aikaciyar rediyo: Ɗauka na ce, ban ce ya gamsu ba.