Me za mu kira "social mobility" a shirin daren nan?

Mai Shiri: Salamu alaikum. Ƙarfe 8 na dare zan shiga shiri kan rahoton 2018 na OECD, ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki. Ya ce a Denmak zuri'a 2 ake yi kafin gidan talaka ya kai matsakaicin samun ƙasar, a Amurka 5, Faransa da Jamus 6, Kolombiya 11. Kalmar "social mobility" da ke cikinsa ce ta maƙale min. Editana ya rubuta "motsin zamantakewa".

Yaya Mai Fassara: Wa alaikumus salam. Motsin zamantakewa? Mai sauraro zai ɗauka rikicin aure za ku tattauna. Ka ce "ɗaukaka" ka huta.

Malamin Hausa: Ɗaukaka sama kawai take nufi, Yaya. Ɗan attajirin da ya karye ya koma tuƙa Keke Napep shi ma yana cikin lissafin. "Sauyin matsayi" ta ɗauki hawa da sauka.

Ɗan Damagaram: Malam, da girmamawa, ai gwauron da ya yi aure ma ya sauya matsayi. Muna da tamu tun fil azal: gado da haye. Ɗan maƙeri ya tashi maƙeri, gado ne. Ɗan wanzami ya ajiye zabira ya kama fatauci, haye ne. Ni "hayen matsayi" na ƙirƙiro, ku gwada ta a baki ku ji daɗi.

Yaya Mai Fassara: Ka taɓa jin an kira mutum ɗan haye don yabo? Gori ne. Kishiyarsa kuwa kirari ake mata, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ɗan Damagaram: To wannan gorin ai shi ne zancen! Shi 'yan jam'iyyar NEPU suka yaƙa tun 1950, talakawa da masu sarauta. Da Bature ne ya kawo kalmar da tuni kun sa ta a jarrabawa.

Baba Alhaji: Yara, "intiƙalul ɗabaƙa" fa? Ɗabaƙa, wato matsayi, tana cikin littattafanmu tun kafin boko.

Ɗan Damagaram: Baba, a gafarce ni, mun gudu daga Turanci mu faɗa Larabci? Kuma kullum Hausar Kano ce ke yanke hukunci, mu na Nijar sai dai mu ce amin.

Malamin Hausa: Wa ya ambaci Kano a nan? Ni Bakatsine ne. Kuma "talaka" da kake taƙama da ita, ka binciki asalinta tukuna.

Mai Shiri: Don Allah jama'a, saura awa 1. Manomi a gindin rediyo nake so ya gane, ba 'yan jami'a ba.

Malamin Hausa: Karon farko ka faɗe ta cikakkiya: damar da ɗa ke da ita ta wuce matsayin da ya tarar da iyayensa, ko ya faɗo ƙasa da shi. Daga nan ka riƙa cewa "sauyin matsayin gado".

Yaya Mai Fassara: Ta yi tsawo, amma ba ƙarya a ciki. Zuri'ar ma ka warware musu: ɗa, jika, tattaɓa kunne.

Ɗan Damagaram: Gadon dai nawa ne kuka ɗauka ba ko na gode. Ni a ajina hayen matsayi zan ci gaba da koyarwa.

Mai Shiri: Na ɗauki ta Malam na yau. Editan ya ce zai duba kafin maimaicin Asabar.