Magani ɗaya muke sha da yayana, sugansa ya sauka nawa ya ƙi

Salamu alaikum jama'a, don Allah a taimaka min. Ina Garwa, ni da yayana uwa ɗaya uba ɗaya duk muna da ciwon suga irin na manya, mahaifiyarmu ma ta yi fama da shi. Ƙwayar Metformin muke sha, shi in ya gwada sugan jininsa da safe kafin ya karya ba ya wuce 1,2 (gram a lita), ni kuwa kullum sama da 2 nake gani, ga shi na fi shi kiyayewa, na bar shayi mai suga da makala (wato fanke), tuwo loma kaɗan, bayan la'asar kuma ina taka ƙafa har gadar Binuwai. Dokta ya ƙara min allurar insulin (sinadarin da ke sauke suga a jini) da daddare, abin ya ɗan sauka sai ya koma, tumbi kawai nake ƙarawa. Bayan wuyana da hammata sun yi baƙi sun yi kauri, soso ba ya fitar da shi, dokta ya ce alama ce jikina ba ya jin insulin kuma akwai gado a ciki, to ai jininmu ɗaya da yayan nawa, wallahi abin ya dame ni.

Wane gwaji zan nema da zai nuna ko insulin ɗin ne ya yi kaɗan a jikina, ko jikin ne ya ƙi karɓarsa?